Bareyin Baba Mori

Mutumin da ya kamata ya tarbe ni a filin jirgin Osaka bai zo ba, kuma har yau da nake zaune a shagona na titin Sultana a Madina ina wannan rubutu ban sake jin ɗuriyarsa ba. Dillali ne mai zaƙin baki da aka haɗa mu da shi tun a Madina. Ya rantse mini har da dafa ƙirji cewa akwai makarantar da za ta koya mini gyaran wutar sababbin motocin nan masu batir, in dawo da takardar shaida. Ni kuwa makaniken wuta ne, kuma na gaji da yadda irin motocin ke shigowa garejinmu mu buɗe gaba mu tsaya cirko-cirko muna kallon juna. Abin da na sauka da shi ranar shi ne adireshi, da lambar waya da ba ta shiga, da akwati da Inna ta cusa wa dabino har zik ya ƙi rufuwa.

Adireshin ya kai ni bakin teku, wani makeken fili da aka tara motocin da suka yi haɗari ana farfasa su, ana cire kaya ana lodawa zuwa ƙasashenmu. Babu makaranta, babu ko allo. Mai wurin ya karanta takarduna, ya dube ni, ya sake duba takardun. Ya riga ni gane cewa an yi mini shigo-shigo ba zurfi. Ta cikin wayarsa mai fassara ya gaya mini cewa izinin da ke hannuna na aiki ne na shekara guda. In na zauna, zan koyi abin da na zo nema a jikin mushen motoci, shi kuma zai rubuta mini shaida in na gama. In na fita ƙasar kafin nan, babu dawowa. Na tuna yadda aka yi mini walimar bankwana a unguwarmu Anbariyya har da yanka rago, na ce masa na zauna.

Ranar farko da na faɗi sunana ma'aikata suka yi ta ƙunshe dariya. Ashe a can Haruna sunan 'yan mata ne. Ga ni ƙato, baƙi, da gemu, ana ƙwala mini sunan da aka saba kiran 'yar makaranta da shi. Na haƙura, don ba shi ne babban abin da ke damuna ba.

An ba ni wani ɗaki a saman shagon wanki, wanda in na miƙe hannuwa sai na taɓa bango biyu. Amma ba ƙuncin ɗaki ya fi cin raina ba, shirun ƙasar ne. Ni ɗan Anbariyya ne. Kakana da ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina ya zauna, kuma a lungunmu mutum ba ya zuwa sayen burodi ya dawo ba tare da ya gaisa da rabin unguwa ba, wani da Hausa, wani da Larabci, wani da duka biyun a jimla ɗaya. A can kuwa jirgin ƙasa zai cika maƙil, amma ko tari ba ka ji. Na taɓa yi wa wani maƙwabcina doguwar gaisuwa irin tamu a kan matakala, mutumin ya manne da bango kamar zan ƙwace masa jaka. Na yi kewar gida, kewa mai ciwo.

Ban daɗe da sauka ba matata Safiyya ta gaya mini tana da ciki. Wani zai yi tsalle. Ni zama na yi a kan matakala. Sau biyu muna kaiwa har kusa da ƙarshe, sau biyu ina ɗaukar ɗan ƙaramin likkafani a hannuna zuwa maƙabartar Baƙi'a. Dukansu ba wanda ya yi kuka ko sau ɗaya.

"Zan dawo," na ce mata.

"Ka dawo ka yi me, Yaya Haruna? Kai ne likita?"

"Ko ba komai ina kusa."

"Wancan karon kana kusa. Na farkon ma kana kusa." Na ji tana jan hanci. "Kalas, shi ke nan, ka zauna ka gama abin da ya kai ka. Inna ta ce in baro unguwar Aƙiƙ in koma wurinta har in sauka. Ka yi mana addu'a kawai."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Daga ranar duk abin da nake yi rabin hankalina yana kan wayar da ke aljihuna.

A wurin aiki an haɗa ni da wani tsoho mai suna Mori. Gajere ne, bayansa ya ranƙwafa, kuma shi ke zare wayoyin wuta daga motoci ba tare da ya tsinka ko ɗaya ba. Ni na laƙaba masa Baba Mori, ya tambayi ma'anar Baba, na gaya masa, ya yi kamar bai ji ba, amma kunnuwansa suka yi ja. Da ya lura ba na taɓa abincin da ake kawowa don tsoron alade, sai ya fara zuwa da curin shinkafa guda biyu, da gishiri da ɗan kifi a ciki, ya ajiye ɗaya a kan akwatin kayan aikina. Ni kuma in ba shi dabinon Madina. Hirarmu ta waya ce: ya yi magana a ciki ta fassara, ni ma in yi. Wani lokaci ta kawo shirme mu yi dariya, amma yawanci muna gane juna.

Shi ya tambaye ni wata rana me ya sa nake duba waya kamar mai jiran hukunci. Na gaya masa duka, har da biyun da ke Baƙi'a. Ya ci gaba da tauna shinkafarsa. Sai da muka tashi ya ce ranar Lahadi in sa takalmin tafiya, zai kai ni wani wuri.

Jirgin ƙasa muka hau zuwa wani tsohon gari da ake kira Nara. Lokacin sanyi ya fara shigowa, ganyayen bishiyoyi sun koma ja da ruwan ɗorawa. Muna fitowa daga tasha ba mu yi nisa ba na ga barewa tsaye a bakin titi tana jiran motoci su wuce. Na ɗauka ta wani ce ta kuɓuce. Sai na ga wata, sai na ga garke guda kwance a gaban shago, mutane na tsallake su. Ni da iyakar sanina da dabba ragon layya ne da kyanwoyin lungunmu, sai na koma bayan Baba Mori na laɓe. Ƙato kamata bayan tsohon da bai kai kafaɗata ba!

Ya sayi wani siririn biskit na dusa da ake yi musamman dominsu, ya ɗaga ɗaya sama. Wallahi sai barewar ta sunkuyar da kai ta ɗago, ta sake sunkuyarwa, irin gaisuwar mutanen ƙasar. Ni da na yi watanni ban iya wannan gaisuwar ba, ga dabba ta fi ni ladabi. Ya miƙo mini sauran ya ce in gwada. Kafin in ɗaga hannu sun kewaye ni, wannan ta ja rigata, waccan ta tura hanci cikin aljihuna, wata ta cije ni a cinya don ina ɓata mata lokaci. Na watsar da biskit ɗin na ruga. Ranar na fara jin Baba Mori ya ƙyalƙyale da dariya, har yana riƙe gwiwa.

Daga nan muka bi wata hanya mai tsakuwa da ta ratsa cikin daji, ta ƙarƙashin wata babbar ƙofa ja da ba ta da bango, ginshiƙai biyu ne kawai da gungume a kansu. Hagu da dama fitilun dutse ne jere, gansakuka ta rufe su, bareyi na leƙowa ta tsakaninsu. Ya gaya mini wurin bautarsu ne, na addinin gargajiyar ƙasar da suke kira Shinto, kuma a wurinsu bareyin nan 'yan aiken abin da suke bauta wa ne, shi ya sa ba mai taɓa su. Na ga mutane na ɗiban ruwa da ludayi suna wanke hannu da baki kafin su shiga. A bakin ƙofar ciki na ja na tsaya, na ce masa iyakata ke nan. Ya gyaɗa kai, bai nemi dalili ba. Daga inda nake na hango shi ya rusuna, ya tafa hannu, ya daɗe tsaye kansa a ƙasa.

Da ya fito sai ya nufi wata rumfa da wasu 'yan mata masu fararen riguna da jan zane ke zaune, gabansu cike da 'yan ƙananan jakunkuna na alharini, launi-launi, kowace da ƙullin zare a bakinta. Ya daɗe yana zaɓe. Ya dawo da wata fara mai ɗinkin zinariya, ba ta kai tsawon yatsa ba, ya miƙo mini da hannu biyu. Wayar ta ce, "Don matarka ta sauka lafiya. Ka riƙe ta a jikinka."

Laya ce. Ko ba a fassara ba na san laya in na gan ta. Na dubi fuskarsa, na dubi mutanen da ke wucewa, na kasa cewa a'a. Na karɓa na sa a aljihu, amma har muka koma Osaka ji nake kamar garwashi na ɗauko.

A nan sai na gaya muku yadda laya take a gidanmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan sauki alhazan gida in sun zo ziyara Madina, kuma da yawa cikin dattawan sukan zo da layu a damtse ko a ƙugu. Ba ya faɗa, ba ya kunyata kowa. Sai an sha shayi ya nemi izini, ya ɗauko reza, ya farke fatar a gaban mai ita, su duba tare. In ayoyi ne, ya naɗe da girmamawa ya adana. In wani abu ne daban, ya san yadda zai yi da shi. Da haka na tashi. A wurina laya abu ce da ake buɗewa a gaban wanda ya kawo ta, kuma hakan shi ne gaskiya da mutunci. Ko a mafarki ban taɓa tunanin akwai ƙasar da buɗewar ita ce babbar ɓarna ba.

Saboda haka washegari da muka zauna cin abincin rana, na fito da ita, na yi masa murmushi, na ɗauko wuƙar fere waya na yanke ƙullin. A raina ina cewa bari mu duba tare, in ya so in cire na ciki in ajiye ƙyallen don tunawa da shi.

Wata ƙara ya yi da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Shinkafarsa ta faɗi ƙasa. Ya kawo hannu zai tare, amma aikin gama ya gama, abin da ke ciki ya riga ya zubo a tafina: ɗan siririn katako naɗe da farar takarda, shi ke nan. Ya tsaya yana kallonsa. Na zaci fushi ne. Da ya ɗauki waya ya yi magana, muryarsa can ƙasa take.

"Ba a buɗewa. In an buɗe, tsarin ya fita. Yanzu wa zai tsare yaron?"

Na ce Allah zai tsare shi, kuma na faɗa da zafi, don raina ya ɓaci. Ya tattara katakon da ƙyallen a hankali, ya naɗe a hankicinsa, ya tashi ya koma bakin aiki.

Muka yi kwanaki ba ma magana. Ni ina ta cika ina batsewa, ina cewa a raina ni aka ɗora wa abin da addinina ya hana, amma ni ne kuma mai laifi. Shi kuwa kullum da rana sai in tarar da curin shinkafa a kan akwatina, ya ajiye ya wuce ba tare da ya dube ni ba. Ina ci ina jin haushi, don yunwa ba ta bar ni na yi zuciya ba.

Ana cikin haka hunturu ya kankama. Wata rana da yamma, muna cikin zare batir, ƙanwata Maryam ta kira. Maryam tana jin Hausa sarai, amma in ta tsorata Larabci ne kawai ke fita daga bakinta. Da na ji ta fara da Larabci na san ba lafiya. Safiyya ta ga jini, an kai ta asibiti, an ba ta gado, likita ta ce ba za ta sake taka ƙasa ba sai ta haihu, in cikin ya tsaya. Daidai watan da na biyun ya tafi ke nan.

Ban san na durƙusa ba sai da na ji hannu a kafaɗata. Baba Mori ne. Na gaya masa. Ya nemi wata tsohuwar taya ya zauna a kai, fuskarsa ta yi fari fat.

"Ni na jawo," in ji shi. "Da ban ba ka ba, da ba ka buɗe ba."

Sai a lokacin na gane. Duk kwanakin nan da nake zaton gaba yake yi da ni, ashe tsoro ne ke cinsa, tsoron abin da zai sami ɗan da bai sani ba, na matar da bai taɓa gani ba, a garin da ko sunansa bai iya faɗa daidai ba. Duk haushina ya zube. Na riƙe hannunsa na ce ba shi ba ne, ba ni ba ne, ba katakon ba ne. Na yi ta bayani, wayar na fassarawa yadda ta ga dama. Ya saurara har na gama.

"To ku me kuke yi," ya tambaya, "in kuna jin tsoro irin wannan?"

"Addu'a. Da sadaka."

"Mene ne sadaka?"

Na ce ka ba mabuƙaci abu don Allah, wanda ba za a rama maka ba. Sai kuma na ba shi labarin wahalar da na sha a kan haka, don tun da na ji labarin cikin nake neman wanda zan yi wa sadaka a ƙasarsu na rasa. Na kai wa tsohuwar da ke shagon wanki dabino, washegari ta hawo har ɗakina da kwalin alewa da ya fi dabinon daraja. Na ba direban babbar motarmu safar hannu, ya kawo mini hula. Wani bawan Allah da ke kwana ƙarƙashin gada na ajiye wa rigar sanyi, ya biyo ni da gudu ya maido mini yana ta rusunawa, ya ɗauka mantawa na yi. Ƙasa guda, ba wanda zai yarda ya ci naka ya yi shiru!

Baba Mori ya yi ɗan tunani, ya share hanci da bayan hannu.

"Bareyi ba sa ramawa," ya ce. "Kuma da hunturu baƙi sun ragu, ciyawa ta bushe. Suna jin yunwa."

Da na tashi aiki na kira Inna, tana zaune a bakin gadon Safiyya. Na tambaye ta ko ciyar da barewa sadaka ce.

"Barewa kuma? A ina ka samo barewa, kai da aka ce kana gyaran mota?"

Na yi mata bayani, har da cewa a harabar wurin bautarsu suke.

"Su bareyin, suna bautar ne?"

"A'a, Inna, ci kawai suke yi."

"To ai shi ke nan. Duk mai rai in ka ciyar da shi akwai lada. Ni ma nan alkama nake watsa wa tattabaru kullum in na fito. Ka yi niyyarka don Allah, ka bar wa mutumin tasa." Sai ta ƙara da cewa, "Shi tsohon, yana da mai dafa masa abinci kuwa?"

Daga wannan makon duk Lahadi muna Nara. Mu cika jaka da biskit, shi kuma yakan ƙara da 'ya'yan wata bishiya masu kama da gujiya da yake tsintowa a hanya, yana sunkuyawa da wannan bayan nasa har sai na ƙwace jakar. Mu wuce inda baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto, mu shiga can ciki wajen fitilun dutse inda raunanan suke. Ni in yi bisimilla in miƙa, shi ya yi 'yar maganarsa ƙasa-ƙasa ya miƙa. In mun gama ya shiga ciki ya yi abin da yake yi, ni in koma wajen jar ƙofa in nemi gefe in yi azahar a kan rigar sanyina. Bai sake saya mini laya ba, ni kuma ban sake yi masa wa'azi ba.

Na saba da su har na san halin wasu. Akwai wata tsohuwa mai yagaggen kunne da ba ta shiga turereniya, sai ta tsaya gefe tana kallonka har kunya ta kama ka ka kai mata. Na sa mata suna Hajiya. Na tura wa Safiyya hotonta, ta ce wallahi kallon gwaggonta ta Aƙiƙ ne sak, ta yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta tsawata mata. Wannan dariyar ta riƙe ni mako guda.

Wata Lahadi muna zaune a kan benci muna shan shayi mai zafi, 'yan matan rumfar layu na can nesa suna hura hannu, sai ya nuna rumfar da haɓa.

"Na taɓa sayen irinta," ya ce. "Tuntuni. Wa matata."

Na jira.

"Ba mu buɗe ba. Mun yi komai daidai." Ya juya kofin a hannunsa. "Namiji ne. Bai yi numfashi ba. Ba mu sake samu ba, ita ma yanzu ta tafi."

 Daga baya na tambaye shi, tun da haka ta faru, me ya sa ya sake saya domina. Ya ɗaga kafaɗa.

"Hannu ba ya iya zama haka kawai," in ji shi.

Na so in rungume shi irin yadda muke yi, amma na san zai daskare. Sai na ƙara masa shayi daga nawa.

Cikin ya tsaya. Mako na bin mako, Safiyya na kwance tana ƙorafin abincin asibiti, ni ina zare waya ina ciyar da bareyi. Ban yarda na yi murna ba ko sau ɗaya. Na hana Inna sayen ko hular jariri.

Ranar da abin ya zo Lahadi ce, wajen ƙarshen hunturu, da 'yar ƙanƙara tana sauka tana narkewa. Mun iso ke nan, ko jaka ba mu buɗe ba, a can Madina gari bai gama wayewa ba, sai ga kiran Maryam, da Larabci. Bugun zuciyar jaririn ya yi ƙasa, an shiga da Safiyya ɗakin tiyata. Ta ce za ta kira, ta kashe.

Ban san yadda zan kwatanta wannan jiran ba. Na zauna a gindin wata fitilar dutse, wayar a tafina, duk addu'ar da na sani ta gudu sai ya Allah, ya Allah. Baba Mori bai shiga ciki ba ranar. Ya zauna kusa da ni a kan jiƙaƙƙiyar tsakuwa, tsoho da ciwon baya, ya ƙi tashi ko da na roƙe shi. Ƙanƙara ta taru a kan hularsa.

Da wayar ta sake ƙara, muryar Inna ce.

"Haruna. Mace ce. Safiyya lafiya lau."

"Inna, tana..."

"Tana numfashi. 'Yar mitsitsiya ce, amma tana numfashi. Saurara, nan ɓangaren mata ne, ba sa barin namiji ya shigo, kuma yanzu za su tafi da ita ɗakin jarirai. Na roƙe su su ɗan dakata. Ubanta ne zai yi mata kiran salla, ba wani ba. Zan kara mata wayar a kunne. Yalla, yi sauri."

Na miƙe na nufi wajen jar ƙofa da sassarfa, don ba na so in yi a cikin harabarsu. Na manta jakar biskit na rataye a kafaɗata. Bareyin da suka san mu suka ga na tashi da abincinsu, suka biyo ni gaba ɗaya, suna ture ni, suna jan jakar, suna wannan kukan nasu mai kama da ƙarar ƙofa. Na tsaya wajen ƙofar ina ƙoƙarin toshe kunne ɗaya, wata ta cafki hannun rigata. Inna na cewa, "Me ke nan nake ji? Haruna, za su tafi da ita!"

Sai na ji an fizge jakar. Baba Mori ne, yana haki. Bai san abin da zan yi ba, ya dai ga ina bukatar wuri. Ya ɗaga jakar sama da kansa yana kaɗawa, yana ja da baya, garken duka ya juya ya bi shi. Suka rufe shi har ba na ganin komai sai hularsa da hannunsa.

Na fuskanci inda nake zaton alƙibla take, na kara wayar a bakina, na fara. Muryata ta karye tun a kabbarar farko. Na sake ɗauka. Ban taɓa yin kiran salla mai muni kamar wannan ba, da hawaye da majina, wasu baƙi sun tsaya suna kallona. Ina kaiwa tsakiya sai wata 'yar siririyar murya ta taso daga wayar, ta tsaya, ta sake tasowa da ƙarfi, kuka sosai, na fushi, irin na wanda aka tashe shi daga barci. Na ƙarasa kiran a kan kukanta.

Da na juyo Baba Mori na tahowa, jakar wayam, an yage masa aljihu, maɓalli ɗaya ya tafi. Ya tsaya gabana yana duban fuskata, yana tsoron tambaya. Ban nemi fassara ba. Na ɗora masa wayar a kunne.

Ya kama ta da hannu biyu. Na ga lokacin da kukan ya kai gare shi, don idanunsa suka rufe. Daga cikin wayar ina jiyo Inna tana cewa, "Haruna? Wa ke nan kuma? Wa ka ba?"

Na matso da bakina na ce, "Kakanta ne na nan, Inna."

"To a ce masa barka," in ji ta. "A ce masa mun gode."

Ban gaya masa ba a lokacin, don bai saki wayar ba. Yana tsaye cikin ƙanƙara da yagaggen aljihu yana sauraron 'yata, ni kuma na bar masa har suka tafi da ita.